Daga ina lambar take fitowa? Tambayoyi da amsoshi kan faɗa a wasannin RPG na Japan

Duk wanda ya taɓa buga wasan RPG irin Final Fantasy, wato wasan bidiyo da kake jan jarumai cikin labari ƙarfinsu na ƙaruwa mataki-mataki, ya san lambar nan da ke tasowa a kan abokin gaba idan an kai masa bugu. Yawanci ba a tsayawa a tambayi inda ta fito, alhali kuwa a kanta aka gina komai: makamin da za ka saya, mutanen da za ka ɗauka, har da dangin da wasan ya fito.

Wai shin lambar ɓarnar nan sa'a ce ko lissafi?

Lissafi ne, sai ɗan yayyafin sa'a a kai. Kowane wasa yana da ƙa'idar da ke ɗaukar ƙarfin harin mai bugu da kariyar wanda aka buga, ta fitar da adadin jinin da zai ragu. Ƙa'idojin nan sun kasu gida biyu manya: masu debewa da masu rabawa.

Dragon Quest, wanda kamfanin Enix ya fitar a 1986 bisa tsarin Yuji Horii, shi ne uban gidan debewa. A yawancin wasannin jerin, ana raba ƙarfin hari biyu, a raba kariya huɗu, a debe na biyu daga na farko. Jarumi mai ƙarfin hari 100 ya bugi dodo mai kariya 60, sai ya cire masa kimanin 35. Idan kariyar dodon ta kai 180, bugun ya koma 5 kacal. Ta kai 200 kuwa, takobin ya zama ado.

Pokémon, na kamfanin Game Freak tun 1996, rabawa yake yi. Ana raba ƙarfin hari da kariya, a ninka da ƙarfin salon da aka yi amfani da shi da kuma matakin dabbar. Dabba a mataki na 50, da salo mai ƙarfi 80, idan harinta ya yi daidai da kariyar abokiyar karawarta, za ta cire wajen 37. Daga nan wasan ya jefa ƙuri'a tsakanin kashi 85 zuwa 100 cikin ɗari na wannan adadi. Wannan ita ce sa'ar da ke ciki, kuma ba ta da yawa.

To mene ne ruwan mai wasa da bambancin?

Ruwansa babba ne, domin shi ke nuna inda ya kamata ya zuba kuɗinsa da lokacinsa.

Koma kan dodon nan mai kariya 180. Ka sayi sabon takobi da ya ɗaga harinka daga 100 zuwa 120. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne kawai a takarda, amma bugunka ya tashi daga 5 zuwa 15, ninki uku. Takobin nan a kan dodo mai kariya 60 daga 35 zuwa 45 kawai zai kai ka. Wato a gidan debewa, ɗan ƙari kaɗan yana iya buɗe ƙofar da ta ƙi buɗuwa, kuma sihirin da ke rage kariyar babban abokin gaba ya fi kowane bugu daraja a zagayen farko. Shi ya sa wanda ya maƙale a wani kogo a Dragon Quest, sau da yawa maganinsa komawa gari ya sayi makami ɗaya, ba kwana yana kashe ƙananan dodanni ba.

A gidan rabawa, ƙarin kashi 20 a hari yana ba da ƙarin kusan kashi 20 a ɓarna ko da wa kake karawa. Babu katanga. Don haka hankali ya koma kan abubuwan ninkawa. A Pokémon, idan nau'in salon ya zo ɗaya da nau'in dabbar da ta yi shi, ana ninkawa da 1.5, sai 37 ɗin nan ta zama 55. Idan salon ya dace da raunin abokin gaba, a sake ninkawa biyu, 110. Idan dabbar nau'i biyu gare ta kuma dukkansu suna da wannan rauni, ninki huɗu ne, 220. Gyarados na ruwa ne kuma mai tashi, shi ya sa lantarki ke kwantar da shi nan take. Haka Charizard, na wuta mai tashi, yake shan wuya a hannun salon dutse. Dabbar ƙasa kuma lantarki ba ya taɓa ta sam. Da nau'i 18 da ake da su tun 2013, haddace wa ke cin wa ya fi ƙarin mataki biyar amfani.

Fire Emblem, da ya fara a 1990, ya fi kowa fito da debewa tsirara: hari a cire kariya, shi ke nan. Mai hari 20 a kan mai sulke da kariya 18, maki 2 zai cire. Amma mai sulken nan galibi juriyarsa ga sihiri ƙanƙanuwa ce, sai ka ga siririn matsafi ya kayar da wanda masu takuba uku suka kasa. Ni dai ina ganin wannan gaskiyar lissafi ita ce kyawun jerin. Kafin ka motsa, ka san abin da zai faru, kuma tunda a tsohon tsarin wanda ya mutu ya tafi ke nan, alhakin yana wuyanka.

Mugun bugu fa, wanda allo ke walƙiya?

Bugu ne da ke faɗowa jefi-jefi da ɓarna fiye da ta kullum, kuma kowane gida da nasa. A Pokémon ninki biyu ne a da, aka mayar da shi 1.5 daga 2013. A yawancin Fire Emblem ninki uku ne. A Dragon Quest kuwa aikinsa daban: yana tsallake kariya gaba ɗaya. Nan ne sirrin Metal Slime, ɗan dodon ƙarfen nan mai tarin lada da saurin gudu. Jininsa ƙwaya kaɗan ne, amma kariyarsa ta sa bugu na yau da kullum ko dai ya cire 1 ko ya tashi a banza. Mugun bugu guda ya gama da shi. Masu farautarsa suna neman salon da ke ƙara yiwuwar irin wannan bugu, ko mai kai hari sau da yawa a jere, ba ƙarfin damtse ba.

Me ya sa ɓarna ke tsayawa a 9999?

Iyaka ce da tsofaffin Final Fantasy suka sa. Final Fantasy X na 2001 ya ba da hanyar karya ta zuwa 99,999. Abin lura shi ne da zarar bugunka ya kai rufin, ƙarin ƙarfi ba ya daɗa komai, sai salon da ke bugu sau da yawa ya zama sarki.

Ana iya yarda da duk lambar da wasa ya nuna?

Ba kullum ba, musamman a tsofaffi. A Final Fantasy na farko na 1987, lambar basira da ya kamata ta ƙara ƙarfin sihiri ba ta yin komai saboda kuskuren rubutun manhaja. A Final Fantasy VI na 1994, lambar kaucewa bugun makami ita ma ba ta aiki a fitowar asali, har makantar da abokin gaba bai hana shi samunka ba. An gyara irin waɗannan a fitowar da ta biyo baya, don haka ka san wace fitowa ke hannunka kafin ka bi shawarar wani.

Yaya ake haɗa tawaga mai kyau?

Amsar da kowa ke bayarwa ita ce mai ɗaukar duka, mai bugu, matsafi da mai warkarwa. Ba ƙarya ba ce. Dragon Quest III na 1988 da Final Fantasy na farko sun kafa wannan tsari na mutum huɗu, kuma har yau yana kai mutum ƙarshen wasanni da dama. Sai dai ya ɓoye ainihin abin da ake ciniki da shi a faɗan bi-da-bi, wato damar motsi. Kowane zagaye kana da dama huɗu, shi kuma babban dodo yana da ɗaya ko biyu. Duk damar da ka kashe wajen warkarwa, ba ka kai hari da ita ba. Idan dodon yana cire jinin da sai mutum biyu sun mayar, rabin tawagarka ta zama ma'aikatan jinya, kuma faɗan zai ja har ƙarfin sihirinka ya ƙare. Dama ɗaya da ka sa wajen ƙara wa kowa kariya a farko tana iya 'yanta mutum guda har ƙarshen faɗan. Wannan lissafin ne sababbin 'yan wasa ke tsallakewa, don sihirin da ba ya fitar da lamba a allo yana kama da asarar lokaci.

Babu jerin da ya koyar da wannan da zafi kamar Shin Megami Tensei na kamfanin Atlus. A kashi na uku, Nocturne na 2003, tawaga mai mutum huɗu tana samun alamu huɗu a sama. Ka bugi rauni ko ka yi mugun bugu, rabin alama kawai za ta tafi, don haka dama huɗu na iya zama takwas. Ka kuskure, ko ka jefa abin da ba ya taɓa abokin gaba, alamu biyu sun tafi. Ya shanye harin ko ya mayar maka da shi, zagayen ya ƙare. Kuma dokar nan ta hau kan abokan gaba daidai yadda ta hau kanka. Mutum ɗaya a tawagarka mai raunin wuta yana ba dodo ƙarin damar hallaka sauran. Akwai wani shugaban dodanni, Matador, da ya yi suna wajen tare hanya: yana ɗaga saurinsa har bugunka ya riƙa wucewa, kowane kuskure kuma ya cinye maka dama biyu. Wanda ya zo da sihirin ƙara sauri da na rage nasa, ya kuma cire masu raunin iska daga tawaga, sai ya ga faɗan ya zama na adalci.

Final Fantasy X ya bi ta hanya mai sauƙi. Mutum uku ke fili, amma kana iya musanya su a tsakiyar faɗa ba tare da asarar dama ba: Wakka don masu tashi, Auron don masu sulke, Lulu don waɗanda sai sihiri, Tidus don masu sauri. A kashi na huɗu zuwa na tara kuma, ban da na takwas, akwai sahun gaba da na baya, inda na baya ke rage bugun makami da rabi, wanda kake sha da wanda kake kaiwa. Wurin matsafi ke nan, tunda sihiri bai damu da sahu ba. Sannan kada a manta, a wannan jerin maganin warkarwa yana cutar da dodannin matattu.

Gara in sarrafa kowa da kaina ko in bar wa kwamfuta?

Da kanka, idan an ba ka zaɓi. A babi na biyar na Dragon Quest IV na 1990, kwamfuta ce ke jan abokan tafiya, kuma malamin warkarwa Kiryl ya shahara da nacin jefa sihirin kisa nan take a kan shugabannin da ba ya kama su. Persona 3 na 2006 ma jarumi kaɗai ake sarrafawa a fitowar farko. Final Fantasy XII na wannan shekarar ya kawo tsaka-tsaki mai kyau: kai ke rubuta wa kowa sharuɗɗa, misali idan jinin aboki ya sauka ƙasa da rabi a warkar da shi.

Sai na fara daga na ɗaya kafin in buga na bakwai?

Ya danganta da jerin. Kowane Final Fantasy mai lamba duniyarsa daban, mutanensa daban. Sai irin X-2 na 2003 ne ci gaban labari kai tsaye. Dragon Quest na ɗaya zuwa na uku labari ɗaya ne, na ukun ma shi ne farkon tarihin, sannan na huɗu zuwa na shida suna da wata alaƙa mai sako-sako. Jerin Trails na Nihon Falcom, tun 2004, shi kam labari ne guda mai ci gaba, tsallake yana da tsada.

Lambobin ma suna yaudara. Abin da aka sayar a Amurka a 1991 da sunan Final Fantasy II shi ne na huɗu a Japan, na III ɗinsu kuma na shida ne, don an tsallake wasu ba a fassara ba. Sai a 1997, da na bakwai, lissafin ya daidaita.

Persona reshen Shin Megami Tensei ne ko jeri mai zaman kansa?

Reshe ne da ya girma ya raba gida. Ya fito a 1996 ƙarƙashin inuwar Megami Tensei, kuma a Amurka an sayar da na uku da na huɗu da sunan Shin Megami Tensei a gaba. Persona 5 na 2016 bai ɗauki sunan ba. Amma duba faɗan: sunayen sihiri ɗaya ne, kuma bugun rauni yana ba ka ƙarin dama, ɗan'uwan tsarin Nocturne ne mai sassauci.

A wani gefen, suna ɗaya bai nufin jini ɗaya. The Final Fantasy Legend da aka sani a Amurka shi ne SaGa na farko na 1989, an liƙa masa sunan don kasuwa. Final Fantasy Adventure na 1991 kuma shi ne tushen jerin Mana. Shi ya sa na fi son a rarraba wasannin nan da yadda ake faɗa a cikinsu: na bi-da-bi zalla kamar Dragon Quest, na ma'aunin lokaci da Hiroyuki Ito ya ƙirƙiro a Final Fantasy IV, na dabarun fili kamar Fire Emblem, da na faɗa kai tsaye kamar Ys da Tales. Wannan rabon ne ke gaya wa mai saye ko zai ji daɗin abin da zai saya.

To duk RPG da aka yi a Japan shi ne JRPG, laƙabin da ke nufin RPG na Japan?

Nan ake jayayya. Dark Souls na 2011 a Japan aka yi shi, amma ba kasafai ake sa shi a wannan sahu ba, don babu tawaga, babu bi-da-bi. Clair Obscur: Expedition 33 na 2025 a Faransa aka yi shi, amma tsarin faɗansa na wannan gida ne sak. Tun asali ma aron juna ake yi, domin Horii ya koyi darasi daga Wizardry da Ultima na Amurka. A 2023 Naoki Yoshida, furodusan Final Fantasy XVI, ya bayyana cewa lokacin da laƙabin ya fara yawo, wasu masu ƙera wasanni a Japan sun ji shi kamar na wariya da raini, ko da yake ya yarda yanzu ana faɗinsa da kyakkyawar niyya. A wurina laƙabin yana da amfani idan salo ake nufi: labari tsararre, tawagar mutane masu suna da hali, da faɗan da lambobi ke jagoranta. Da wannan ma'auni Clair Obscur yana ciki, Dark Souls yana waje, Final Fantasy XVI kuwa, mai jarumi ɗaya a hannunka da faɗa kai tsaye, yana tsaye a bakin iyaka duk da sunan da yake ɗauke da shi.