Karatun kula da gandun daji: ina ake samun mai sauƙin kuɗi kuma mai amfani?

Wai me ake koya a wannan kwas ɗin, ba dashen bishiya ba ne kawai?

A'a, dashe ɗan ɓangare ne. Za ka koyi auna bishiya, kaurinta ana ɗaukarsa ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, sai lissafin katako nawa daji zai bayar ba tare da an kashe shi ba, ga ilimin ƙasa, ga kwari da cututtuka, ga yadda ake tare gobarar daji, sannan taswira ta kwamfuta wato GIS wadda masu ɗaukar aiki da yawa suke tambaya. Lissafi na nan sosai fa, wanda ya gudo daga lissafi ya shigo nan zai sha mamaki.

Ta yaya zan gane makaranta mai kyau?

Ka fara tambaya, suna da dajin kansu? Ni dai wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin akwai makarantun da za ka gama shekara huɗu baka taɓa zagaya bishiya da tef ɗin awo ba, kullum kana aji ana nuna maka hoto, irin wannan ko kyauta ce ta yi tsada. Jami'ar Oregon State a Amurka tana da dajin bincikenta, McDonald-Dunn, kusa da makarantar. Tharandt a Jamus, wadda yanzu take ƙarƙashin jami'ar fasaha ta Dresden, tun 1811 Heinrich Cotta ya kafa makarantar daji a wurin. Bayan haka ka duba ko hukuma ta amince da kwas ɗin, a Amurka ƙungiyar masana gandun daji ta ƙasar, wato SAF, ce ke tantancewa, wadda aka kafa a 1900. Ka kuma nemi tsofaffin ɗalibai ka ji ina suke aiki, su ba za su ɓoye maka ba.

To maganar kuɗi fa?

Makarantar gwamnati ta fi sauƙi kusan ko'ina. A Amurka ɗan jiha yana biyan ƙasa da baƙo nesa ba kusa ba, kuma da yawa suna fara shekara biyu a ƙaramar kwaleji sannan su koma jami'a su ƙarasa, sai dai ka tabbatar jami'ar za ta karɓi kwasa-kwasan da ka yi tun kafin ka biya ko sisi. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta sai na rajista, amma jihar Baden-Württemberg, inda jami'ar Freiburg mai koyar da ilimin daji take, tun 2017 tana cajin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Kuma haya da abinci suna kanka, nan ne kuɗin ke tafiya.

Akwai tallafin karatu?

Akwai, amma galibi na digiri na biyu ne. DAAD, ƙungiyar Jamus mai ba da tallafin karatu, tana ɗaukar nauyin masu karatun dazuzzukan ƙasashe masu zafi a Dresden, sai dai suna son wanda ya yi aikin shekara biyu tukun. Akwai kuma Erasmus Mundus, shirin tallafin karatu na Tarayyar Turai.

Difloma ta isa ko sai digiri?

In aikin fili kake so, awo da sa ido kan sare itace da kula da gonar reno, difloma ta shekara biyu ta isa ka fara cin abinci. Tsara yadda za a tafiyar da daji gaba ɗaya ko bincike kam sai da digiri, kuma ba laifi ka fara aiki ka ƙaro daga baya.