Likita ya yi sakaci da majinyacinku? Ga amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Ina ake kai ƙarar likita?

Hukumar MDCN, wadda ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya. Ofishinta na Abuja. Ba Facebook ba.

In nas ce ta yi laifin fa?

Ba ruwan MDCN da ita. Nas da ungozoma suna da hukumarsu daban, masu harhaɗa magunguna ma haka.

Yaya ake shigar da ƙorafin?

A rubuce, cikin takardar rantsuwa da aka rantse a kotu. Wasiƙar fushi ba ta wadatarwa. Kwamitin bincike zai aika wa likitan ya mayar da martani. In ya ga akwai abin tuhuma, sai ya tura maganar kotun ladabtarwa, wadda matsayinta daidai yake da babbar kotu.

Za a biya mu diyya?

A'a. Na sha faɗa. Kotun ladabtarwa lasisi take taɓawa: gargaɗi, ko dakatarwa har wata 6, ko a soke sunan likita daga rajista. Mai neman diyya ya ɗauki lauya ya nufi babbar kotu. Shi ma likitan yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Mara lafiyarmu ta rasu bayan tiyata, mun yi jana'iza a ranar, ba a yi binciken gawa ba. Akwai sauran magana?

Wataƙila akwai, amma ba zan yi muku alkawari ba. Mutuwa kaɗai ba hujjar sakaci ba ce. Abin da za a duba shi ne ko likitan ya yi abin da ƙwararren likita irinsa zai yi a wannan hali. Rashin binciken gawa na iya raunana maganarku in musabbabin mutuwar ne ake jayayya a kansa. Amma in ƙorafinku shi ne an bar ta sa'o'i tana zubar da jini ba wanda ya leƙo, ko an yi aikin ba tare da sa hannun amincewa ba, to foldarta ta asibiti na iya nuna hakan: lokacin da aka auna hawan jini, lokacin da aka kira likita, lokacin da ya zo. Ku nemi rahoton asibiti a rubuce, ku riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa. Ku tattara kati, rasit, sakamakon gwaji da takardun magani. Wanda ya yi jinya ya rubuta abin da ya gani tun bai manta ba, da rana da sa'a. Sannan ku hanzarta: in asibitin gwamnati ne kuma kuna son diyya, dokar kare jami'an gwamnati kan taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata 3. Akwai yanayin da ba ta aiki, amma lauya ne zai tantance, kada ku jira sai bayan sadakar arba'in ku fara tunani.

Ba ƙaddara ba ce?

Ƙaddara ce, kuma Allah Ya jiƙan ta. Amma likitan da ya yi sakaci gobe zai sake duba 'yar wani. Kai ƙorafi bai saɓa wa haƙuri ba.

Mun ƙi a ƙara masa jini, ya mutu. Laifin likita ne?

In shi majinyacin ne da kansa ya ƙi, a'a. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Dakta Okonkwo a 2001 cewa baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin magani.

Sun ƙi karɓar mu sai mun biya, alhali gaggawa ce.

Wannan laifi ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin duba majinyacin gaggawa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ko duka biyun. Ku rubuta sunan wanda ya kore ku da lokacin, domin da su za a fara tambayar ku.