Sauya gida a Ingila: wane adireshi ake dubawa wajen ba yaro gurbin sakandare?

A mafi yawan sassan Ingila, yaro yakan shiga sakandare ne a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara 11, wato aji na bakwai. Amma neman gurbin tun kusan shekara guda kafin nan ake yin sa. Ranar 31 ga Oktoba ake rufe karɓar fom, ranar 1 ga Maris kuma ake sanar da kowane gida makarantar da ɗansu ya samu, sai dai idan ranar ta faɗo a ƙarshen mako, to sai ranar aiki ta gaba. Watanni huɗu ke nan a tsakani. Iyalan da tashi ya kama su a cikin waɗannan watanni, ko dab da su, su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin a wannan tsari adireshin yaro yana da nauyin da sau da yawa ya fi ƙoƙarinsa a aji.

Tushen tsarin wata doka ce ta 1998, da kuma kundin ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai da ma'aikatar ilimi ke fitarwa, wanda aka sabunta ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2021. Wannan bayani Ingila kaɗai ya shafa. Sikotilan da Wels da Arewacin Ailan kowace da nata tsarin. Abin da kundin ya ce mai sauƙi ne: idan makarantar gwamnati tana da gurbi, dole ta ɗauki duk wanda ya nema, ko daga ina yake, in ban da makarantun da doka ta yarda su tace ɗalibai da jarrabawa. Idan kuwa masu nema sun fi gurbin yawa, sai a jera su bisa sharuɗɗan da makarantar ta riga ta wallafa. Yaron da aka rubuta sunan makarantar a cikin takardarsa ta buƙata ta musamman, wato takardar da hukuma ke yi wa yaro mai naƙasa ko matsalar koyo, shi ba a jayayya a kansa. Daga nan sai yaran da ke hannun hukuma ko suka taɓa zama a hannunta. Abin da ya biyo baya ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta: wata ta fifita mai yaya ko ƙane a ciki, wata mazauna yankin da aka shata mata, ta addini kuma masu bin addininta. Amma kusan ko'ina, idan an zo raba gardama, da nisa ake rabawa. Wasu suna auna layi miƙaƙƙe daga ƙofar gida zuwa makaranta, wasu suna bin hanyar ƙafa mafi kusa. A unguwannin da ake rububin makaranta ɗaya, gida biyu a titi guda na iya samun amsa daban.

To wane adireshi ake aunawa daga gare shi? Wanda yaron yake kwana a ciki da gaske. Ba gidan da kuke shirin saya ba, ba na kakarsa da yake wuni idan an tashi makaranta ba, ba shagon babansa ba. Kuma ƙaramar hukumar da kuke zaune a cikinta lokacin cike fom ita za ku miƙa wa, ko da makarantun da kuke so duk a wata hukumar suke. Mutumin da ke Manchesta yana shirin komawa Bamingham a watan Janairu, Manchesta zai ba fom ɗinsa, ya rubuta makarantun Bamingham a ciki, hukumomin biyu su yi magana a tsakaninsu. Kotu ta yanke tun 1989, a shari'ar da aka yi da hukumar Girinic ta Landan, cewa ba a mayar da yaro baya don kawai yana zaune a wajen iyakar hukuma. Sai dai wannan ba ya rage nisan. Idan aka auna daga Manchesta, makarantar Bamingham mai farin jini ta yi masa nisa ƙwarai.

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ya fi kowanne tsada: su ce bari mu jira mu tare tukuna sannan mu cike fom. Kada a yi haka. Fom ɗin da ya iso bayan 31 ga Oktoba ana ajiye shi gefe ne, sai an gama rabon waɗanda suka zo kan lokaci sannan a waiwaye shi, lokacin da makarantun da ake so sun riga sun cika. Abin da ya dace shi ne a cike kan lokaci da adireshin da ake ciki, a yi amfani da dukkan gurabun zaɓi. Doka ta ce aƙalla uku za a ba ku, hukumomin Landan kuwa shida suke bayarwa. A sa makarantun sabuwar unguwa a sama, a ajiye aƙalla ɗaya ta kusa da tsohon gida a ƙasa, ko da cinikin gidan zai rushe. Ba kwa asarar komai da haka, domin makaranta ba ta da ikon fifita wanda ya sa ta a farko. Kowace tana jera yara bisa sharuɗɗanta ne, sannan a ba ku mafi girma a jerinku daga cikin waɗanda suka karɓe ku.

Bayan rufe fom, yawancin hukumomi suna barin wata 'yar taga da za a iya sauya adireshi a ci gaba da ɗaukar fom ɗin a matsayin wanda ya zo kan lokaci. Ranar rufe wannan taga ba ɗaya ba ce a ƙasa baki ɗaya, kowace hukuma da tata, kuma tana rubuce a cikin littafin jagora da take wallafawa duk shekara. A ganina wannan rana ita ce abu na farko da ya kamata mai shirin tashi ya nemo, kafin ma ya sa hannu a kan haya ko ya tsayar da ranar karɓar makulli. Idan da hali a matso da tashin mako biyu don a shiga cikin tagar, to wannan matsowar ta fi kowace wasiƙar roƙo da za a rubuta daga baya amfani.

Sai maganar shaida. Cewa mai gida ya amince da tayinku ba shaida ba ce, domin a Ingila ciniki bai ƙullu ba sai lauyoyin ɓangarorin biyu sun yi musayar takardun yarjejeniya, kuma kafin nan kowa na iya janyewa. Abin da hukumomi suka saba nema shi ne wasiƙar lauya mai tabbatar da musayar, ko yarjejeniyar haya da aka sa wa hannu. Wasu ba sa gamsuwa sai sun ga an tare, an koma biyan harajin gida a sabon wuri, an kuma rabu da tsohon. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: idan har yanzu kuna riƙe da tsohon gidanku kusa, kuka kama haya ta 'yan watanni a gefen makaranta, hukuma na iya ƙin yarda da sabon adireshin ta auna daga tsohon. Iyalan sojoji da ma'aikatan gwamnatin Birtaniya masu dawowa daga ƙasar waje su ne kundin ya yi wa sassauci a fili, ana ba su gurbi tun kafin su iso idan sun kawo wasiƙar hukuma mai nuna ranar komawarsu. Idan kuma iyaye sun rabu, yaro yana kwana nan yana kwana can, adireshi ɗaya za a ɗauka, kuma dole sharuɗɗan makarantar su faɗi yadda ake zaɓarsa. Galibi inda ya fi kwana a ranakun makaranta ne.

Akwai masu ba da shawarar a ari adireshin ɗan'uwa ko aboki. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya bi ta. Hukumomi suna duba rajistar harajin gida da bayanan da makarantar firamare take da su, kuma maƙwabta da sauran iyaye suna kai rahoto. Kundin ya ba da ikon janye gurbin da aka samu ta hanyar ƙarya, har ma bayan yaro ya fara zuwa aji, musamman idan bai cika zango ɗaya ba. Wanda zai ɗauki wannan nauyi ba uban da ya cike fom ba ne. Yaro ne mai shekara 11 da ya riga ya sa yunifom, ya yi abokai, sannan a ce masa ya fita, a kai shi duk inda gurbi ya rage. Ga kuma wani yaron da aka hana haƙƙinsa tun farko. Ko ɓoye tashi ma, wato ku bar unguwar kafin ranar sanarwa ku yi shiru, yana iya jawo irin wannan hukunci. Ku faɗa wa hukuma da zarar rana ta tsaya.

Wanda tagar ta rufe masa kada ya yanke ƙauna, domin jerin masu jira yana aiki ta hanyar da mutane da yawa ba su zata ba. Ba a jera shi da wanda ya riga wani zuwa. Da sharuɗɗan makarantar ake jera shi, kuma duk lokacin da aka ƙara suna sai an sake jerawa. Ke nan iyalin da suka tare a bakin ƙofar makaranta a watan Afrilu na iya tsallake waɗanda suke jira tun Maris, kamar yadda wanda ya koma nesa zai ga sunansa ya yi ƙasa. Dole makaranta ta riƙe wannan jeri har aƙalla 31 ga Disamba na shekarar shiga. Ku karɓi gurbin da aka ba ku ko ba shi kuke so ba. Karɓarsa ba ya cire ku daga jerin jira, ba ya kuma hana ku ɗaukaka ƙara. Ana ba da aƙalla kwanakin makaranta 20 don shigar da ƙarar, kwamiti mai zaman kansa ne ke saurare, hukuncinsa kuma dole makaranta ta bi. Sai dai zama kusa da makaranta kaɗai ba ya cin ƙara. Kwamitin yana auna cutarwar da ƙarin ɗalibi zai yi wa makaranta da cutarwar da rashin gurbin zai yi wa yaron, don haka dalili na musamman mai takarda a bayansa shi ke da ƙarfi.

Yaron da ya riga ya shiga sakandare lamarinsa daban ne. Tashi ba ya ƙwace masa gurbi muddin yana ci gaba da zuwa. Abin da kan canza shi ne na ƙannensa, domin wasu makarantu suna rage fifikon 'yan'uwa idan iyali sun fita daga yankin, da kuma motar kai yaro makaranta kyauta, wadda a ƙa'ida sai makarantar ita ce mafi kusa da ta dace kuma ta wuce mil 3 daga gida, in ban da sassaucin da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Idan nisan ya yi yawa dole a sauya, ana cike fom na tsakiyar shekara, kuma kundin ya ce a ba da amsa a rubuce cikin kwanakin makaranta 15. Kada a cire yaro daga tsohuwar makaranta sai sabuwar ta tabbata. Idan aka rasa gurbi ko'ina kusa, kowace hukuma tana da tsarin da ke tilasta samar wa wasu rukunin yara wuri ko da makaranta ta cika, ciki har da 'ya'yan masu neman mafaka, da marasa matsuguni, da waɗanda suka kai mako huɗu a gida babu gurbi a kusa. Wanda ya shigo daga ƙasar waje shi ma fom ɗin tsakiyar shekarar zai cike, kuma ba a hana yaro gurbi saboda ƙasarsa.

Inda na fi jin tausayin yara shi ne tashin da ya faɗo a aji na goma ko na sha ɗaya, lokacin karatun jarrabawar GCSE. Karatun shekara biyu ne a haɗe, kuma hukumomin jarrabawar sun bambanta: wannan makaranta tana bin AQA, waccan Edexcel ko OCR, littattafan adabi da sassan tarihin da ake koyarwa ba iri ɗaya ba. Yaro na iya zuwa ya tarar darasin da ya zaɓa ba a yin sa sam a sabuwar makarantar, ko an cika ajin. Kafin a cike fom, a tambayi sabuwar makaranta hukumar da take bi a kowane darasi, a kwatanta da ta yanzu. Idan bambancin ya yi yawa kuma tafiyar mai yiwuwa ce, gara yaron ya jure doguwar hanya a bas ko jirgin ƙasa har ya rubuta jarrabawarsa a watannin Mayu da Yuni, sannan ya nemi sabon wuri don aji na sha biyu.