Secretariat bai gaza a wajen barbara ba

An daɗe ana cewa Secretariat, ingarman Amurka da ya cinye manyan sukuwa uku na ƙasar (Kentucky Derby da Preakness da Belmont) a 1973, a fili kawai ya yi suna, da aka kai shi barbara sai ya ba da kunya. Wannan magana ba adalci a cikinta.

Tushenta dogon buri ne. Dokin da ya ba na biyu ratar tsayin doki 31 a sukuwar Belmont, ya gama mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24, masu hannun jarin da suka zuba dala miliyan 6.08 a kansa sun sa ran zai haifo irinsa. Ai kuwa har yau babu dokin da ya karya wannan lokaci a wannan nisa a filin turɓaya, ko ɗan wane ne.

A gonar Claiborne ta Kentoki ya haifi 'ya'ya sama da 600. Cikinsu akwai goɗiya Lady's Secret, gwarzuwar dawakin Amurka ta 1986, da Risen Star wanda ya ci Preakness da Belmont a 1988.

Inda jininsa ya fi yin albarka kuwa shi ne ta wajen 'ya'yansa mata, kuma nan ne masu sukar ba sa dubawa. Terlingua ta haifi Storm Cat, Weekend Surprise ta haifi A.P. Indy, Secrettame ta haifi Gone West. Duk ukun sun zama manyan ingarmun barbara, shi ya sa in ka bi asalin zakarun sukuwar Amurka na yau, sau da yawa sai ka tarar da sunan kakan nasu.