Amfani da kwamfuta wajen tsara kiɗan ogan mai kaɗa kansa

Ogan mai kaɗa kansa na'ura ce mai bututu da zugazugi, wadda ke fitar da kiɗa ba tare da makaɗi ya danna komai ba. Umarninta yana cikin ramukan da aka huda a jikin kwali ko naɗin takarda. Na farkon zamani gungumen katako mai ƙusoshi suke karantawa, kafin maƙerin ogan Anselme Gavioli ya yi rajistar kwali mai ninki a Faris a 1892, bisa dabarar masaƙar Jacquard, wadda kwali mai ramuka ke sarrafa saƙarta. Irin wannan ogan ya yi tashe a wuraren bukukuwa na Turai da titunan Holan.

A da, mai tsara kiɗa aunawa yake yi, ya zana kowane sauti da fensir, sannan a bi ramukan ana hudawa ɗaya bayan ɗaya. Tsarin MIDI da ya fito a 1983, wato hanyar da kwamfuta da kayan kiɗa na lantarki ke musayar umarnin sautuka, ya sauƙaƙa wannan. Yanzu a manhaja ake jera sautukan, inda kowanne ke bayyana a matsayin sanda mai tsawo ko gajere, kusan yadda ramin zai kasance. Ana saurara, a gyara, sannan a tura wa na'urar huda da kwamfuta ke sarrafawa. Wasu masu ogan ma sun ajiye kwali, sun sa bawul na lantarki, wato mabuɗan iska, da ke bin umarnin fayil kai tsaye.

Sai dai wahalar aikin tana jikin ogan ɗin. Kowanne da nasa jerin sautuka: ƙaramin na hannu yakan tsaya a 20, manyan Gavioli kuwa suna kai maɓalli 89 ko fiye, wasu daga ciki na ganga ne da na sauya muryar bututu. Yawancin irin waɗannan ogan ba su da cikakken jerin sautuka, don haka dole a ɗaga waƙa ko a sauke ta, a kuma musanya sautin da babu da wanda kunne zai karɓa. Rami in ya yi gajarta bututu ba ya amsawa. In an buɗe bututu da yawa lokaci guda, iska ta gaza. Shi ya sa fayil ɗin da aka shirya wa fiyano ba ya daɗi idan aka huda shi yadda yake. Manhaja tana iya nuna sautin da ogan ba shi da shi, amma zaɓen madadinsa aikin mai tsarawa ne.

Ana kuma ɗaukar hoton tsofaffin kwalaye da suka fara lalacewa, a mayar da su MIDI, a sake huda sababbi.