Abin Wuya Mai Rediyo na Bin Sawun Karnukan Farauta

Abin wuya mai rediyo wata ƙaramar na'ura ce da ake ɗaura wa karen farauta, wadda take aika sigina ta iska zuwa wata na'urar da ke hannun mafarauci, domin ya san inda karensa ya nufa bayan ya ɓace masa da gani. Kayan aikin kashi uku ne: abin wuyan da ke ɗauke da batir da 'yar siririyar eriya, na'urar karɓar sigina, da kuma eriyar hannu wadda da ita ake gane ɓangaren da siginar take fitowa. Ba ta dogara da layin waya ko intanet ba, kuma wannan ne ya sa take da amfani a dajin da babu sabis.

Asali

Ba mafarauta ne suka ƙirƙiro wannan fasaha ba, masu nazarin namun daji ne. A shekarar 1961 wasu tagwaye masana a Amurka, Frank da John Craighead, suka fara ɗaura wa manyan namun dajin gandun Yellowstone abin wuya mai rediyo, sannan a 1963 William Cochran da Rexford Lord suka bayyana tsarin da suka bi diddigin zomaye da wasu ƙananan dabbobi da shi. Daga baya masu farauta da karnuka a Amurka da arewacin Turai suka ɗauki dabarar, saboda karnukansu kan bi nama cikin duhun daji har su yi nisan da ba a jin haushinsu. Ita kuwa eriyar hannun ta girmi duk wannan, domin Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi ne suka ƙera ta a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926.

Yadda ake aiki da shi

Tsohon samfurin, wanda har yanzu ake amfani da shi, yana aiki ne a zangon rediyo na VHF, kuma a Amurka yawancin na karnuka suna tsakanin megahaz (ma'aunin zangon rediyo) 216 da 220. Kowane abin wuya yana da lambar zangonsa, ta yadda mai karnuka biyar zai iya sauraron kowanne shi kaɗai. Abin wuyan ba ya faɗin wuri, iyakarsa ya riƙa fitar da ɗan gajeren sauti a kai a kai, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, sauran aikin kuma na mafarauci ne. Zai ɗaga eriyar, wadda ta yi kama da tsohuwar eriyar talabijin ta kan rufin gida, ya riƙa juyawa a hankali yana saurare, kuma inda sautin ya fi ƙarfi nan ne ɓangaren da karen yake.

A nan ne gwaninta take bambanta mutane. Idan aka buɗe ƙarfin na'urar karɓa har ƙarshe, sautin zai zo daga ko'ina da ƙarfi iri ɗaya, har mutum ya kasa bambance gaba da baya, shi ya sa ake rage ƙarfin sannu a hankali har sai ya zama ɓangare ɗaya kawai ake ji. Yayin da mafarauci yake matsowa kusa da karen sai ya ci gaba da ragewa, kuma yawan ragewar da ya yi shi ne ma'aunin kusancinsa. Wanda yake son sanin wurin ba ɓangare kawai ba, sai ya ɗauki saiti daga wuri ɗaya, ya matsa gefe da ɗan nisa ya sake ɗauka, to inda layukan biyu suka haɗu nan karen yake. Siginar tana tafiya miƙe, tudu yana tare ta, dutse kuma yana iya mayar da ita ta fito daga inda babu kare, don haka ƙwararru sukan hau wuri mai tsayi kafin su amince da abin da suka ji. Wasu samfuran suna da abin gane motsi a ciki, wanda yake sauya saurin sautin idan karen ya tsaya cik ko ya ɗaga kai yana haushi a gindin bishiya.

Sabon samfurin ya haɗa rediyo da GPS. Abin wuyan yana karɓar sigina daga aƙalla taurarin ɗan'adam huɗu da ke kewaya duniya a tsayin kimanin kilomita 20,200, ya lissafa inda yake, sannan ya aika lissafin ta rediyo zuwa na'urar hannu, wadda take nuna karen a kan taswira tare da nisansa da hanyar da ya bi. Kamfanin Garmin ya fito da samfurin Astro a 2007, wanda a Amurka yake aiki tsakanin megahaz 151 da 154, kuma samfuran da suka biyo baya suna iya bin karnuka 20 a lokaci guda. Nisan kilomita 14 da ake rubutawa a jikin wasunsu na fili ne wanda babu abin da ya tare, a aikace yakan gaza haka. Sauƙin nan yana da farashi, domin batirin GPS kwana ɗaya ne ko biyu, alhali na tsohon samfurin yakan yi makonni.

Dacewarsa da ƙasar Sakkwato

Farautar ƙasar Sakkwato ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe, kuma naman da aka fi samu shi ne zomo, gafiya, kurege, zabo, fakara da damo. Karnukan yankin dogaye ne marasa jiki masu gudu, kuma mafarauci yana riƙe su ne da fito, da kiran suna, da ƙaho, idan kuma ɗaya ya ɓace sai a bi sawu. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai ƙarancin manyan itatuwa, wanda hakan ya dace da siginar VHF ƙwarai, sai dai kwazazzabai da gangaren fadamar Gulbin Rima suna iya haɗiye ta idan kare ya gangara ciki. A kan fako kuwa, inda ƙafar kare ba ta barin sawu, na'urar tana yin abin da idon gwanin bin sawu ba zai iya ba.

Akwai wani amfani da ya fi shafar mafarauci Musulmi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kama wa mai shi, amma malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Sakkwato, sun gindaya sharuɗɗa: idan aka riski naman da sauran rai dole a yanka shi, kada mafarauci ya yi sakaci wajen bin karensa, kuma naman da ya kwana ba a gan shi ba akwai magana a kan cinsa. Hadisin Adiyyu bin Hatim ya ƙara da cewa idan aka tarar da wani kare daban tare da naka a kan naman da ya mutu, kada a ci. Duk waɗannan sun rataya ne a kan saurin isa wurin da karen yake, kuma abin da na'urar take sauƙaƙawa ke nan. A farautar taro, inda gardama kan karen wa ya fara kamawa takan kai ga faɗa, hanyar da taswira ta nuna tana iya zama shaida a gaban Sarkin Baka.

Zafin watannin Maris zuwa Mayu, wanda yakan haura digiri 40, yana rage ƙarfin batir, ƙurar hunturu kuma tana toshe wurin caji, saboda haka ana ajiye kayan a inuwa a riƙa goge su. Ana ɗaura abin wuyan yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da fata, eriyar tana kallon sama, a kuma cire shi bayan an dawo don kada ya ci wuyan karen.

Kayan na shigowa ne daga waje, suna da tsada, kuma an saita kowanne a kan zangon da ƙasar da aka yi shi dominta ta amince da shi. A Najeriya, dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, alhakin amincewa da nau'in na'urorin sadarwa, don haka wajibi ne mai saye ya tabbatar zangon na'urarsa halattacce ne a nan. Haka nan, a halin tsaron da dazuzzukan Isa, Sabon Birni da Tangaza suke ciki, mutumin da aka gani da eriya da na'ura mai kama da oba-oba ana iya yi masa mummunar fahimta, shi ya sa ya kamata ya sanar da mai gari da jami'an tsaro kafin ya shiga daji da ita.