Ayyukan ƙazanta a al'ummar da babu albashi

Wannan wata tsohuwar muhawara ce tsakanin masana tattalin arziki da 'yan gurguzu da masu ra'ayin a zauna ba gwamnati, kuma tambayar a taƙaice ita ce: in aka wayi gari ba mai biyan wani kuɗin aiki, kowa na ci daga tukunya ɗaya, to waye zai yashe masai, waye zai kwashe bola, ya shiga kwata, ya wanke tulin kwanuka? Masu sukar gurguzu gani suke da wannan tambayar magana ta ƙare. Su kuma masu kare tsarin sai su ce ai ko yanzu da ake biyan albashin ba masu irin wannan aikin ne ke kwasar kuɗi ba, talauci ne ke tura su, a Indiya ma abin gado ne, 'yan Dalit, wato waɗanda aka mayar ƙasƙantattu a tsarin dangin Indiya, aka ɗora wa, har gwamnati ta yi doka a 1993 ta sake wata a 2013 tana hana kwasar bayan gida da hannu amma har yau ba a daina ba.

Amsar marubuta

Thomas More na Ingila, a littafinsa Utopia na 1516, ya zana ƙasar da ba kuɗi ba mallakar kai, amma da aka zo kan yanka da fiɗa sai ya miƙa wa bayi wuƙa, wato dai bai amsa tambayar ba, kauce mata ya yi. Charles Fourier na Faransa (1772 zuwa 1837) shi tasa amsar ta fi ban dariya, wai tunda yara na son wasa da datti to a haɗa su rukuni-rukuni su riƙa share gari ana girmama su. Peter Kropotkin na Rasha kuwa a 1892 ya ce yawancin ayyukan nan an bar su da wari da haɗari ne saboda masu yin su ba su da murya, ranar da kowa zai yi su da hannunsa za a nemo inji da dabarar sauƙaƙa su. Gandhi bai tsaya rubutu ba, a matsugunan da ya kafa wa mabiyansa a Afirka ta Kudu da Indiya kowa sai ya wanke masai, har da shi da matarsa Kasturba wadda da farko ta ƙi.

Gwajin Twin Oaks

Inda aka fi gwada abin a aikace shi ne Twin Oaks, wata 'yar al'umma a jihar Virginia ta Amurka da mutum 8 suka kafa a 1967 a wata tsohuwar gonar taba. Mutum wajen 100 ne a ciki, a baya sun yi suna da saƙar ragar lilo da yin awara, kuma ba mai karɓar albashi, abinci da ɗaki da magani duk na gari ne, sai ɗan kuɗin kashewa da ake ba kowa daidai wa daida. Sun ɗauko tsarinsu daga littafin ƙagaggen labari Walden Two na masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner (1948) inda ake biyan aiki da maki, aikin da ake gudu makinsa ya fi yawa, mai shiga kwata ya yi awa biyu da wani abu ya tashi, mai ban ruwan furanni kuwa makinsa kamar babu.

A takarda abin ya yi kyau. Da aka zo yi sai gardama da wayo suka shigo, tunda makin aiki na hawa ne in mutane na gudunsa to kowa ya gane riba ce ya nuna ba ya son abin da yake so, ga kuma rigimar me ya sa awata ba ta kai taka ba. Bayan 'yan shekaru suka watsar, yanzu awa ɗaya maki ɗaya ne ko girki ka yi ko raino ko tatsar shanu, kuma kowa zai cika wajen awa 40 a mako. Abin mamakin shi ne kusan kowane aiki sai an samu mai sonsa, ban da wanke-wanken kicin, shi kam dole aka mayar da shi karɓa-karɓa kowa da ranarsa.

Kibbutz

Ƙauyukan haɗin gwiwar Yahudawa da ake kira kibbutz, wanda na farkonsu Degania aka kafa a 1910 a kusa da tafkin Galili a Isra'ila ta yau, su ma karɓa-karɓa suka yi, suna kiransa toranut, yau kana shugaban ma'aikata gobe kana goge tebura a ɗakin cin abinci ko gadin dare. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, aikin gayya da haƙan kabari duk ba kuɗi ake yin su, kunya da lada da sanin cewa wata rana kai ma za a yi maka ne ke fito da mutum, sai dai irin wannan yana tafiya ne inda kowa ya san kowa, kuma kibbutz ɗin ma mutum ɗaruruwa ne ba miliyoyi ba.

Duk da haka rabon bai tafi daidai yadda aka yi alkawari ba. Sannu a hankali girki da wanki da raino suka koma hannun mata, maza suka riƙe gona da masana'anta, alhali da sunan daidaito aka faro. Daga shekarun 1950 kuma suka fara ɗaukar leburori daga waje duk da aƙidarsu ta hana, sababbin baƙin haure da Larabawa, bayan 1967 ga matasa 'yan sa kai daga Turai suna tsinkar lemo da wanke tukwane. Da bashi ya danne su a shekarun 1980 sai daga baya yawancin kibbutz ɗin, waɗanda adadinsu ya kai wajen 270, suka koma biyan albashi gwargwadon aikin mutum, aikin gona mai wahala kuwa tun shekarun 1990 akasari ma'aikata daga Tailan ke yin sa.